Ki Mayar Wa Yarinya Kwalinta

'Yata, maganar nan ba ta gaban yara ba ce, shi ya sa ban yi ta a tsakar gida ba, na bari sai da na koma na rubuto miki. Ba faɗa zan yi ba. Macen da take tashi da asuba ta ɗora tukunya, ta shirya yara, ta tafi wurin aiki, ta dawo da yamma ta tarar da aikin makaranta yana jiranta, ba ta cancanci a ɗaga mata murya ba. Na kuma san so ne ya sa ki. Amma kin yi kuskure a kan kwalin amaryata, wato 'yarki, in kuwa ni ban faɗa miki ba, ban ga mai faɗa miki ba.

Makarantarsu ta raba wa azuzuwa ƙasashe saboda ranar al'adu, ajinsu ya sami ƙasar Sin, malama ta ce kowane yaro ya zaɓi mutum ɗaya daga cikin tatsuniyoyin Sinawa ya yi masa fosta da hannunsa. Yarinyar nan ta shimfiɗa kwali a tabarma, ta yi ruf da ciki, ta zana wani tsoho mai ƙaho yana tauna ganye. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Rubutun ya faro daidai, ya riƙa gangarawa har ya kusa faɗowa daga bakin kwalin. Kika duba kika ga ba zai shiga sahun na tsara ba, kika naɗe kika ɗora kan sif, kika nufi shagon kwamfuta, aka sauko miki da hoto daga intanet, aka buga a ledar bana mai ƙyalli. Ya yi kyau, ban musa ba. Sai dai da na nuna hoton na tambaye ta wane ne wannan, cewa ta yi wannan naki ne, nata yana kan sif.

Amsar nan ce ta hana ni sakat. Malamar ba hoto ta rasa ba, wayar da ke jakarta ma cike take da hotuna. So take yaro ya ji labari, ya juya shi a ransa, ya zaɓi abin da zai hau kwali da abin da zai bari, sannan ya sa yatsunsa su fito da shi ko suna so ko ba sa so. A nan karatun yake. Shekarun da na yi da alli a hannu sun nuna mini cewa yaron da ya zana taswirar Najeriya da kansa, ko da Binuwai ta karkace masa, ba ya ƙara mance cewa a Lakwaja ta haɗu da Kwara. Wanda aka liƙa wa bugaggiya a littafi kuwa, kafin a yi hutu ta bi iska. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, kuma shi ne ainihin dalilin wasiƙar. Ranar Litinin yarinyar nan za ta tsaya gaban aji riƙe da bana, malama ta tambaye ta ko ita ta yi. Me kike so ta ce? In ta amsa da eh, ta yi ƙarya, kuma a gida aka haɗa mata ƙaryar, da kuɗin uwarta. In ta ce a'a, ta sha kunya gaban ƙawayenta a kan laifin da ba nata ba. Ke ce fa kike tsare ta da ido in ta ce ta wanke hannu alhali ba ta wanke ba. Yara ba sa auna girman ƙarya, abin da suke lura da shi shi ne wadda manya suka yarda a yi. Nan da 'yan shekaru, lokacin jarrabawar gama sakandare, za ta ji ana raɗe-raɗin wuraren da ake biya a rubuta wa ɗalibi amsa, ba na kuma so a ranar ta tuna cewa a gidansu ma an taɓa saya mata aiki. Sannan ki tuna da yaron da ke zaune kusa da ita, wanda uwarsa take tsagar citta a biya ta kuɗin yini. Shi kwalin ma da ƙyar aka saya masa. In ƙyalli ne zai ci maki, to aljihun iyaye ake gwadawa, yaron kuwa zai gane haka tun yana aji huɗu, ya saki jiki da cewa karatu na masu shi ne.

Kada ki ɗauka ke kaɗai ce, ko halin garinmu ne. A can ƙasar Sin ɗin irin wannan aiki sananne ne a firamare. Ana ba yara farar takarda su yi 'yar jarida ta hannu, da kanu da zane da ɗan bayani, a kan biki ko gwarzo ko tsabta. Can ma iyaye sun shiga gasa, wasu suna raba dare suna yi wa 'ya'yansu, wasu suna sayen zanen da aka riga aka fitar a intanet, yaro ya shafa kala kawai. A 2021, da gwamnatinsu ta fitar da tsarin rage wa yara nauyin karatu, har da hana malamai ɗora wa iyaye aikin gida a ciki.

Yanzu bari in ba ki labarin tsohon nan mai ƙaho, don na lura sauri bai bar ki kin tsaya kin ji ba. Ni a sashen Hausa na rediyon Sin na fara jin sunansa, gidan da ya soma magana da harshenmu tun 1963. Shennong ake ce masa. Sinawan da suna cewa a farkon zamani mutane ba su san shuka ba. Abin da suka tsinta a daji ko a bakin ruwa shi suke kai wa baki, cuta da guba suna ta kwasarsu. Sai wannan mutum ya sassaƙa itace ya yi garma, ya nuna musu yadda ake duba ƙasa a rabe ta tudu da ta fadama, mai albarka da gajiyayya, ya koya musu shuka hatsi. Da abinci ya samu, ya sa a riƙa haɗuwa in rana ta take tsaka, kowa ya kawo abin da ya noma ya musanya da abin da ya rasa. Asalin kasuwa ke nan a wurinsu.

Duk da haka bai zauna ba, domin mutane suna kwanciya ciwo ba a san abin da za a ba su ba. Ya rataya jaka ya shiga duwatsu, yana ɗanɗana ganye da saiwa da ɓawo ɗaya bayan ɗaya, don ya rabe na ci da na magani da na ajali. Wani tsohon littafinsu mai suna Huainanzi, wanda aka kammala wajen shekara 139 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya kawo cewa akwai yinin da ya ci karo da guba har iri 70. Mutanen karkara suka ƙara wa labarin gishiri. Suka ce ana hango abin da ke cikinsa daga waje, saboda haka yana haɗiye ganye yana kallon abin da yake yi wa hanjinsa. Suka ce wata rana yana tafasa ruwa a gindin wani itace, ganye ya faɗo ciki, ya kurɓa ya ji jikinsa ya warware, aka sami shayi. Daga ƙarshe ya tauna wata ciyawa mai rawayan fure, ta tsinka masa hanji kafin ya kai ga makari, ya mutu a kan aikinsa. Masu zanensu kan yi masa ƙahonnin sa, tunda sa ne abokin aikin manomi, su lulluɓe shi da ganye, su sa masa wani ganyen a baki. Kin ga ke nan ƙahon da kika ce ya ɓata zanen, a wurinsa yake. Yarinyar ta saurari malamarta da kyau.

Masana tarihi ba su ɗauke shi mutum guda da ya rayu a shekara kaza ba. Suna ne da al'umma ta ɗora wa wahalar dubban mutanen da ba wanda ya riƙe sunansu, waɗanda suka gwada, wasu suka rayu, wasu suka mutu, har aka san abin da ake ci. Amma sunan ya yi musu aiki. Littafin magungunansu mafi tsufa, mai kusan shekara 2000, da sunansa aka yi shi, ya jera magani 365 a aji uku, daga waɗanda ake sha kullum ba illa zuwa masu guba da sai an yi hattara. A birnin Beijing akwai dandalin da aka gina a 1420, inda sarakunansu kan je kafin shuka su kama garma da hannunsu su ja 'yan kunyoyi don girmama manomin farko. Yuan Longping, masanin da ya fito da shinkafar aure mai yawan yabanya, wanda ya rasu a 2021, Shennong na zamani mutanensa suke kiransa, kuma kyautar abinci ta duniya da aka ba shi a 2004 raba ta suka yi da ɗan Afirka, Monty Jones na Saliyo, shi ma saboda shinkafa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na maganin zazzaɓin cizon sauro, irin wanda ake rubuta muku a asibiti yau. Tushensa wani ganye ne dangin tazargade. Wata masaniyarsu, Tu Youyou, ta bi tsofaffin littattafan magani har ta tarar a rubutun wani likita na ƙarni na 4, Ge Hong, cewa jiƙa ganyen ake yi a matse a sha ruwan. Daga nan ta gane tafasawar da suke yi ce take kashe ƙarfinsa. Da suka fitar da maganin, a jikinta da na abokan aikinta aka fara gwada shi kafin a ba marasa lafiya. An ba ta kyautar Nobel a 2015. Duk lokacin da amaryata ta yi zazzaɓi kika narka mata ƙwaya a cokali, wani reshe na wannan labarin kike ba ta.

Kin tambaye ta dalilin da ya sa ta zaɓe shi? Ni na tambaya. Samarin ajin duk sun ruga wurin Sarkin Birai, Sun Wukong, mai sanda da tsalle, saboda sun gan shi a fim. Ita kuwa da ta ji an ce akwai manomi mai neman maganin cuta a cikin tsirrai, sai ta tuna da gonar kawunta. Kin san abin da ya same mu a daminar 2023. Ganyen citta ya yi rawaya, aka tona aka tarar saiwa ta ruɓe, annobar ta bi Kaciya da Jaba da Kagarko da nan Jama'a, mutanen da suka ci bashi suka sayi iri suka wayi gari ba iri ba riba. Tana ƙarama a lokacin, amma ta ga kawunta ya zauna a bakin gona ya kasa magana, ta kuma ajiye abin a ranta. Da na gaya mata cewa busasshiyar citta tana cikin magunguna 365 na littafin nan, tsalle ta yi. Yarinyar da aka haifa a ƙasar tafin giwa da yatsun biri, inda ake noman citta don sayarwa tun wajen 1927, zamanin da jirgin ƙasa ya mayar da Kafanchan mahaɗa, ta gano da kanta abin da ya haɗa gonar gidansu da tatsuniyar mutanen da ke wancan gefen duniya. Indiya da Sin da Najeriya suna sahun gaba a noman citta, wannan kowane littafi zai gaya mata. Amma haɗa tsohon nan da kawunta, babu mai shagon kwamfutar da zai iya, tunanin nata ne, shi kika naɗe ba ki sani ba.

Abu ɗaya ne zan ce lallai a ƙara a kwalin, kuma a nan ana bukatar bakinki. Yara masu kwaikwayo ne. Kada wani a ajin ya ji labarin mai ɗanɗana ganye ya fita bayan makaranta ya ce shi ma zai gwada. Zaƙami yana nan a bakin hanya, 'ya'yan bini-da-zugu suna kan shinge, ga ruwan tinya, ga rogo mai ɗaci da sai an jiƙa shi kwanaki kafin ya ciwu. Ta rubuta da manyan baƙaƙe, da jan kala, cewa mutumin nan guba ce ta kashe shi, kada yaro ya sa wani tsiro a baki sai babba ya ce ana ci. Ki tabbata ta faɗi haka da bakinta a gaban aji.

Ban ce ki naɗe hannu ki zuba mata ido ba. Aikinki yana da yawa, fensir ne kawai ba naki ba. Ki sa ta ba ki labarin da Hausa tukuna, tun daga garma har ciyawar ajali. Inda ta yi tsalle ki tambaye ta, sai me ya faru? In labarin ya zauna a bakinta, ta mayar da shi Turanci da kanta, jimla biyar ko shida sun isa, domin kwalin da aka cika da rubutu ba mai karanta shi. In ta kuskure harafi, ki ce mata akwai gyara a layi na uku, ki bar ta ta nemo. Gangarowar rubutu kuwa maganinta rula. Ki nuna mata sau ɗaya a wata takarda yadda ake jan layi siriri da fensir a goge daga baya, sauran ta ja. Kanun ya yi girman da na bencin baya zai karanta. In tana so, ta kwafi sunan mutumin da baƙaƙen Sinanci, guda biyu ne kacal, za ta ɗanɗani abin da tsararta na can suke fama da shi kullum. Kala in ta ƙare ba sai an koma kasuwa ba. Gangamau yana ba da rawaya, zoɓo ja, gawayi baƙi, jar ƙasarmu in an dama ta ta isa duwatsu, ƙaro ko kullun sitaci kuma yana liƙa abu tsaf. Ta liƙa tsagin busasshiyar citta na gaske a gefe, da kan acca, da ɗan ganyen shayi, ta rubuta sunan kowanne a ƙasansa. Za ta ɓata hannu, za ta ɓata tabarma, wataƙila ta yi kuka in kala ta zube. Ki bar ta ta yi kukan, ki ba ta ruwa, ta ci gaba. Ƙafar nan mai tsawo kuma, in ba ita ta ce za ta gyara ba, a bar ta yadda take.

Na ji kuma surukina ya nuna damuwa, ya ce wannan abu mai ƙaho ai gunki ne. Kada ki yi masa gardama, damuwarsa ta mai kishin addini ce, kuma na tabbata a cikin iyayen ajin akwai Kiristocin da abin ya tsaya musu a rai kamarsa. Gaskiya ne a ƙasar Sin akwai ɗakunan da ake ƙona wa Shennong turare, bai kamata a ɓoye wa yarinya wannan ba. A gaya mata su haka suke yi, mu ba ma yi, Allah ne ya halicci tsiro ya sa masa magani. Amma ba da labarin abin da wasu suka ce daban, bauta daban. Mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi da Dodo, da an ce ga ta nan ga ta nanku, mai bayarwa da mai saurare duk sun san inda aka shiga. Kwalin ma ya buɗe da irin wannan ƙofa, ta fara da cewa Sinawan da sun ce. In kuwa zana sura mai rai ne zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, to ki lura bugaggen hoton bai warware komai ba, surar tana nan har ta fi fitowa. Ya tambayi malaminsa. In an ce a bari, hanya a buɗe take: ta zana garma da jaka da duwatsu da tsirrai, ta kewaye su da ado irin na allon zayyana, labarin zai fito ba tare da fuska ba, malama kuma za ta karɓa in an yi mata bayani.

Ina so ki ga girman wannan darasi a gari irin namu. Ba a haife ki ba lokacin da rikicin Maris na 1987 ya tashi a nan Kafanchan daga gardamar ɗalibai kan addini, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa, amma na 2011 kin gani da idonki. A benci ɗaya amaryata take zaune da 'ya'yan Fantswam da Bajju da Kagoro da Kaninkon da Ham da Fulani da Ibo. Yaron da ya koyi faɗin abin da wasu suka yi imani da shi daidai yadda yake, bai yi ba'a ba, bai ƙara ba, bai kuma saki nasa ba, ya koyi abin da manya da yawa a garin nan suka rasa. Gara ta fara koyonsa a kan Sinawa, waɗanda ba ta da tsohon ciwo da su, kafin ranar da za ta bukace shi a kan maƙwabcinta.

In kin je taron iyaye da malamai, ki yi magana biyu a madadina, cikin ladabi. Ta farko, a daina ba bugaggen aiki maki, kowane yaro a tambaye shi labarin kwalinsa da baki. Ta biyu, zango mai zuwa a juyo gida. Ba na ƙin a san na Sin, ga shi na cika miki takarda da shi. Amma an cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu wajen 2009, sai a 2022 gwamnati ta ƙaddamar da dawo da shi, kuma giɓin yana nan a kawunan yaranmu, har da wasu matasan malamansu. Yara nawa ne a ajin suka san Baranzan, kakan Bajju, ko Katagwan, ƙaton da mutanen Kagoro suke ba da labarinsa a kan dutsensu, ko Bayajida da rijiyar Kusugu? Nawa ne suka san cewa a 1943, a wata mahaƙar kuza kusa da Jama'a, aka tono wani kai na gasasshen yumɓu, wani ma'aikaci ya kai shi gonar doyarsa ya kafa a matsayin mutum-mutumi, har labari ya kai ga Bernard Fagg, ya gane irinsu ɗaya da waɗanda aka fara samu a ƙauyen Nok a 1928? Daga nan duniya ta san al'adar Nok. Masu bincike daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, da suka soma tono a yankin nan tun 2005, sun gano mutanen suna noman gero da wake, suna cin atili, a 2021 kuma aka bayyana cewa an sami alamar kakin zuma a tukwanensu, wasu masu shekara kusan 3500. Wani ne ya fara zaɓen irin geron nan, wata ce ta fara gane wane ganye ke shiga miya. Sinawa sun ba nasu suna guda sun riƙe. Namu suna ƙarƙashin gonakin Kwoi, kuma yaran da suke taka su kullum sun isa su yi musu kwali.

Banar da kika biya kada ki yar, ki rataye a ɗakinsu ta riƙa kwatantawa da nata, ta ga yadda wani mai zanen ya yi ƙahon da ganyen. Ita kuwa ki ce mata kin sake tunani, malama aikin hannunta ta nema, kuma kina so ki ji labarin daga bakinta. Ba sai kin ce nata ya fi kyau ba, za ta san ba haka ba ne. In maki ya zo kaɗan, kada ki nuna mata ɓacin rai, ki je ki sami malamar ku yi magana ta manya. Gobe kawunta zai shigo kasuwa, na ba shi tsagin citta da kan acca da ƙullin ƙaro ya kawo mata. Ki gaida surukina, ki ce masa ina son ganinsa ranar Juma'a bayan an sauko, mu tsara yadda za a kai yaran gidan tarihi na Jos in an yi hutu, su ga kawunan Nok da idonsu. Kuɗin mota ni zan biya.